Rufewar da Ɗantani Ya Fasa

Ɗantani ya rasu a damanar 1954, gero bai gama nuna ba. Ba a yi masa salla ba, domin shi Bamaguje ne. Ni kuwa Labaran da nake ba da labarinsa Musulmi ne ɗan Musulmi, amma ban taɓa yin aboki kamarsa ba, ba na kuma jin zan ƙara yi.

Mu mutanen Unguwar Kanya ne, wani ɗan ƙauye tsakanin Yako da Badafi a ƙasar Kiru. Gidan Ɗantani yana hayin rafi, shi kaɗai a tsakiyar gonaki, kamar yadda Maguzawa suke son zama. Gida ne babba, da ƙannensa da matansu, da 'ya'ya da jikoki. Hausarsu irin tamu ce, sai dai ba sa salla. Suna da abin da suke kira kan gida, wanda suka gada tun kaka da kakanni, shi suke yi wa yanka, shi suke tsoro. Tsofaffinmu sun ce ko da iyayenmu suka zo suka kafa bukka a gindin kanya, sun tarar hayaƙi yana tashi a hayin.

Wuƙa ce ta haɗa ni da shi. Maguzawa sun san ba ma cin yankansu, saboda haka in suna biki sai su kira Musulmi ya yanka akuyar baƙi. Mahaifina ne yake yi musu, da ƙarfinsa ya ragu sai ya tura ni. Ranar farko na fara bismilla ƙasa-ƙasa. Ɗantani ne ya riƙe ƙafafun akuyar, gajere kakkaura da warki a ƙugu, ya ɗago kai ya dube ni.

"Malam, yi bismillarka da ƙarfi," in ji shi. "Akuyar nan Bamagujiya ce, ba ta jin Larabci sosai."

Tun daga ranar yake kira na Malam, alhali karatuna bai je ko'ina ba. Ni kuma ina kiran sa Sarkin Noma, don duk ƙasarmu babu mai tara dawa kamarsa. Bai taɓa shiga masallacinmu ba, amma kowace shekara shi yake aiko da ciyawar rufinsa. Da azumi ba ya cin komai a gabana. A zaurensa akwai wata ƙwarya da ludayi da giya ba ta taɓa shiga ba, a rataye, yara duk sun san ƙwaryar Malam ce.

A tsakar gidansa akwai wani ƙaton rumbun ƙasa, irin wanda muke kira rufewa. A nan ake zuba dawar gandu, wato ta babbar gonar da gida duka yake nomawa tare. In an gama kaka sai maigida ya hau ya rufe bakinta, ya yaɓe da ƙasa. Duk rani ba mai taɓa ta, kowace mace tana ciyar da ɗakinta daga gayaunarta, 'yar gonar da take nomawa ita kaɗai. Sai ranar da ruwan farko ya sauka, uwargida ta tara shi a ƙwarya, maigida ya yanka jan zakara, ya jiƙa yaɓen da wannan ruwa har ya saki da kansa. Daga nan gida duka ya koma tukunya ɗaya har sabon hatsi ya shigo. Ba a fasa rufewa a bushe. Na sha ganin ana buɗe ta, na sha yi masa tsiya a kai, ban taɓa zaton al'adar nan ce za ta raba ni da shi ba.

Damanar da ta gabaci ta rasuwarsa ruwa ya ɗauke da wuri, dawarmu ba ta yi ido ba. Gonakin Ɗantani suna bakin fadama, su sun samu. Ɗan abin da muka tara kuma, da bazara gobara ta tashi a ƙauyenmu da rana tsaka, iska tana kaɗawa, ta lashe rumbunanmu na kara har da irin shuka. Mai unguwarmu Balarabe ya kai kuka wajen dagaci, aka ce an sanar da sama, a jira. Muka sayar da awaki, muka koma cin tafasa da garin kuka.

Ɗantani bai jira an roƙe shi ba. Ya sa matan gidansa suka raba hatsin gayaunarsu biyu, uwargidansa Luba ta riƙa tsallako rafi da ƙwarya a ka. Amma abincin gida ɗaya ba ya riƙe ƙauye. Da ya ƙare, su ma suka koma ganye kamarmu. Saura rufewa, tana tsaye da hular ciyawarta, daga ƙofar masallacinmu ana hango ta.

Sai magana ta fara yawo. A bakin rijiya, a gindin kanya, har a sahun salla kafin a tayar. Arne yana da dawa, Musulmi suna mutuwa da yunwa. Mutanen da suka ci naman bikinsa shekara da shekaru suka daina kiran sunansa.

Na je na sami Ɗantani yana gyara ƙotar sungumi.

"Sarkin Noma, mutane sun fara magana."

"Na ji. Iska tana kawo mana."

"To ka buɗe mana rufewar nan mana."

Ya ajiye ƙotar. "Malam, kana tsammanin rowa ce?"

"Ban ce ba. In tsoron kan gida ne, ni zan hau in fasa. Ban san shi ba, ba na tsoronsa."

"Shi ma bai san ka ba, ai nan matsalar take. In baƙo ya fasa, ba baƙon zai bi ba, gidan zai bi, daga jikoki zai fara. In kuwa maigida ne ya fasa da hannunsa, abin yana kansa shi kaɗai, muddin bakinsa bai taɓa ko ƙwaya ɗaya daga ciki ba har sabon hatsi ya shigo. Ƙanen kakana ya taɓa yi, shekarar da fara ta cinye gonaki. Bai ga kaka ba."

Sannan ya ce a hankali, don kada yara su ji, "Ni ma mutum ne, Malam. Ina tsoro. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ka ce musu su ba ni 'yan kwanaki."

Na faɗa musu. Hadari ya riƙa haɗuwa da yamma, ya yi baƙi ƙirin, mu fito muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Haka yau, haka gobe.

A cikin kwanakin nan 'yar maƙwabcina Uba ta rasu. Suwaiba sunanta, yarinya ce da ba ta fi shekara shida ba. Gudawa ce ta kama ta, jikin kuma babu abin da zai riƙe. Muka kai ta da hantsi. Da aka gama rufe kabari ba wanda ya watse. Uba yana tsaye da fartanya a hannu, ƙasar kabarin 'yarsa har gwiwar hannu, yana kallon hayin rafi.

"Wallahi yau sai na ga cikin rumbun nan," in ji shi.

Ba wanda ya ce a tafi, kawai sai na ga an juya. Mai unguwa yana biye yana cewa, "Jama'a, ku ji tsoron Allah, ku tsaya a yi shawara," ba mai sauraren sa. Ni kuwa na yanke ta cikin gonaki da gudu, na tsallake yashin rafi, na riga su isa.

Ashe an hango su. Bature, babban ɗan Ɗantani, yana tsaye a ƙofar zaure da kwari da baka, 'yan'uwansa samari suna gefensa, kowa da nasa. Mata suna ta jan yara zuwa bayan danga. Na san kibiya ɗaya ta isa ta tashi gidan nan har abada. In jinin Musulmi ya zuba a ƙofarsu, ko a gaban alƙali maganarsu ba za ta tsaya ba, kafin ma a kai ga alƙali an cinna wa gidan wuta. In kuwa aka ture su aka fasa rufewa, a wajensu an kashe musu jikoki ke nan. Ko ta ina aka bi, hayin rafi ya zama kufai.

"Bature, sauke bakan nan," na ce.

"Baba Malam, matsa gefe. Ba da kai muke ba."

Jama'a suka iso suka tsaya, tsakaninsu da samarin bai fi jifa ba. Na tsaya a tsakiya, ba ni da ko sanda. Uba ya matso gaba.

"Ina arnen yake? Ya fito! Yanzu na binne 'yata, shi yana ajiye wa aljanu dawa!"

"Wanda ya taɓa rufewar nan," in ji Bature, "shi ma yau za a binne shi."

Na ji ƙarar tsirkiya ana ja a bayana. A gabana kuma wani ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Sai Ɗantani ya fito daga zaure. Bai yi sauri ba. Ya ratsa ta tsakanin samarinsa, ya wuce ni, ya je har gaban Uba ya durƙusa, kamar yadda ake yi wa mai zaman makoki.

"Uba, ya muka ji da haƙuri? Suwaiba ce? 'Yar nan mai zuwa tsintar kaɗanya a bayan gidana?"

Uba ya kau da kai.

Ɗantani ya miƙe ya koma wajen ɗansa, ya miƙa hannu. "Kawo."

"Baba..."

"Na ce kawo. Tun yaushe ɗa yake riga ubansa magana a ƙofar gidan nan?"

Ya karɓi bakan ya jingina da bango. Sannan ya ɗaga murya ya ce duk wanda yake ɗan gidan, babba da yaro, ya fita zuwa gindin tsamiya ya juya baya, kada wanda ya waiwayo sai ya kira su. Nan take suka gane. Wata daga cikin matan ta fasa kuka. Luba ta zo ta tsaya a gabansa, tsohuwar da ban taɓa jin ta musa masa ba.

"Maigida, dubi gabas. Ka jira ruwa."

"Ruwa bai jira Suwaiba ba," in ji shi. "Tafi, Luba. Ki riƙe mini yaran nan."

Da gida ya zama ba kowa, ya ɗauko gatarinsa ya dube ni. "Malam, riƙe mini tsani. Riƙe tsani ba fasawa ba ne." Ga sauran kuma ya ce, "Ku shigo, amma kada wanda ya miƙo mini komai, kada wanda ya taɓa jikinta."

Na riƙe tsanin. Ina jin rawar ƙafafunsa tana saukowa ta cikin itacen har tafin hannuna. Ya ture hular ciyawa ta faɗo. Ya ɗora hannu a kan yaɓen, na ji yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ni ne, Ɗantani ɗan Mainasara. Ni kaɗai ne. Yara ba su gani ba." Sannan ya sara. Yaɓen ya bushe kamar dutse, sai da ya yi ta sara, ɓarɓashi yana zubo mini a ka. Tsakar gidan cike da mutane, amma ban da ƙarar gatari ba ka jin komai. Da bakin ya buɗe, ƙamshin dawa ya bugo mu, wani dattijo a bayana ya fashe da kuka.

Ya shiga ciki ya riƙa miƙo zangarniya kwando-kwando. Ya ce mai unguwa ya raba gida-gida, a ware iri, a bar wa gidansa abin da zai kai su kaka da ƙyar. Kwandon farko ya ce a ba Uba. Uba ya ƙi ɗagowa ya dube shi, sai ƙanensa ne ya ɗauka.

A ranar aka ji ƙarar turmi a Unguwar Kanya, abin da aka daɗe ba a ji ba. Matata Habiba ta tuƙa tuwo da miyar kuka, ta zuba malmala biyu a akushi, na ɗauka na tsallaka rafi da murnata. Na tarar da shi a zaure, na buɗe masa.

Ya leƙa, ya shaƙi tururin. "Dawar ina ce, Malam?"

Na yi tsaye da murfin akushi a hannu. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk ƙauyenmu, duk gidansa, babu ƙwayar hatsi ɗaya da ba daga rufewar nan ta fito ba. Ya ciyar da kowa, shi kaɗai ne ba shi da abin ci.

"Kaurar fadamata ce," in ji shi. "Ko a cikin barci na san ƙamshinta. Mai da wa yara."

Na je kasuwar Kiru na samo 'yar dawa da ƙyar. Ya ƙi. Ya ce ya ji wasu daga cikin mutanenmu sun kai kaɗan kasuwa sun musanya da gishiri, wa ya san ko tasa ce ta zagayo? Na rantse masa, ya ce bai ƙaryata ni ba, amma ni ma ban ga inda aka noma ta ba. Daga nan ya daina cin dawa da gero gaba ɗaya. Rama da zogale, sai ɗan rogo in an samu.

Na bi hanyar Falgore na nemo rugar Inna, wata Bafulatana da shanunsu suke kwana a gonarsa kowace kaka. Da ta ji labari ta ce, "Ɗantani? Wanda bai taɓa kai mu ƙara ba ko shanu sun yi ɓarna?" Ta riƙa aiko da nono, amma shanun bazara ƙashi da fata ne, abin da ake tatsa ba ya rufe gindin ƙwarya. Na wuce har wajen Doguwa na samo acca, don ita ba a noma ta a wajenmu, ba yadda za a yi ta fito daga rufewarsa. Ita ya yarda ya ci.

"Abincin tsuntsu ka kawo mini, Malam? In na fara tashi sama kada ka yi mamaki."

Kusan kullum kuma da safe sai a tarar da ɗinya ko 'yan kifin da aka tono a taɓo, a ƙunshe cikin ganye a ƙofar zaure. Bature ya yi kwanto ya ga mai ajiyewa. Uba ne. Ɗantani ya ce a ƙyale shi, kada a nuna an gan shi.

Ruwa ya sauka ba da daɗewa ba, ruwa mai yawa, har rafi ya kawo. Luba ta fitar da ƙwarya ta tara shi kamar kowace shekara, ta hau tsani da kanta ta zuba a fasasshen bakin rufewa. Washegari Ɗantani ya ɗauki sungumi, ya ce ba a taɓa shukar gandu maigida yana kwance ba. Ya wuni a gona cikin yayyafi, jikin da ya rame har warki yana zame masa. Ya dawo da tari, tarin kuma bai sake shi ba.

Na yi ta fama da shi. "Sarkin Noma, don Allah ka ci tuwo. Rai da mutuwa a hannun Allah suke, ba a hannun rumbu ba."

"Malam, in na ce ka sha ruwa da azumi don rana ta yi zafi, za ka sha?"

"Ai wannan daban."

"A wajenka." Ya yi tari, ya huta, ya nuna jikokinsa da suke wasa a tsakar gida. "In na ci, abin ya sauka daga kaina ya koma kansu. Ko da a ce gaskiyarka ce, ni ba zan gwada da su ba."

Ban ƙara yi masa maganar ba. Na koma kallon gero. Akwai wanda na shuka a bayan ɗakina, inda taki ya yi yawa, ya riga na kowa fidda kai. Kullum sai na murza zangarniya in ga ko ta yi ido. Ɗantani kuwa ya kai ba ya iya tashi, sai an jingina shi.

Ranar da na ga kai ɗaya ya ɗan yi tauri, na karya, Habiba ta babbaka mini tumu. Na tsallaka rafi ruwa har ƙugu, na ɗaga shi sama don kada ya jiƙe. Na zauna kusa da Ɗantani na murza a tafin hannuna, na hure ƙaiƙayin, na zuba masa a baki kaɗan. Sabon hatsi ne, ba na rufewa ba. Ya daɗe yana taunawa, idonsa a rufe.

"Ruwa ne zalla, Malam. Bai nuna ba. Bana ni da kai duk mun yi gaggawa."

Ya kira Luba ya tambaye ta jikoki, ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Ta ce duk lafiyarsu ƙalau. Ya ce, "To, ya tsaya a kaina ke nan." Ya sa aka sauko da ƙwaryata daga inda take rataye, ya ce in tafi da ita gida. Na ce a'a, a nan zan riƙa sha. Ya yi murmushi. Washegari da hantsi Bature ya zo ya tsaya a ƙofar gidana, bai yi sallama ba, na gane Ɗantani ya cika.

Mutanensa sun ce kan gida ne ya ɗauke shi. Ni na ce ajali ne. Ban yi musu da su ba, su ma ba su yi da ni ba.

Suka binne shi a bayan gida kusa da iyayensa, bisa al'adarsu. Limaminmu ya ce babu salla, amma bai hana kowa zuwa ba. Mutanen Unguwar Kanya suka tsaya a bayan danga, tsit. Uba ne kaɗai ya shiga, da fartanyar nan tasa, ya roƙi Bature ya bar shi ya taya su haƙa. Bature ya daɗe yana kallon sa, sannan ya matsa masa.

Da kaka ta yi, kowane gida a ƙauyenmu ya tsallaka da dami, ba wanda ya ce a yi. Bature ya hau tsani ya yaɓe bakin rufewa da hannunsa, yanzu shi ne maigida. Bayan nan suka yi taron tunawa da tsohon, suka aiko a kira ni in yanka akuyar baƙi. Bature ya riƙe ƙafafun, kansa a sunkuye. Na ɗora wuƙa na tsaya, ina jiran abin da na san ba wanda zai faɗa. Babu Ɗantani da zai ce mini akuyar ba ta jin Larabci. Na yi bismilla da ƙarfi.